Banɗakin Hajiya da cokulan gwaiba

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Yau aka sare reshen gwaibar. Na yi sati biyu ina ɗage ranar, domin marigayi Baba ne ya dasa ta tun muna firamare, kuma Hajiya ba ta son a taɓa ta. Amma babu yadda za a fitar da banɗaki daga jikin ɗakinta ba a cire babban reshen da ya kwanto ta wajen taga ba. Da na je mata da maganar jiya da dare, shiru ta yi, can ta ce, "To, kada dai a ƙona shi." Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, kuma ba ta cika doguwar magana da ni ba. Na ce mata ba za a ƙona ba.

A ƙarshen daminar nan ta zame a tsohon banɗakin tsakar gida. Daɓen ya yi gansakuka, ruwa ba ya wucewa sai an kore shi da tsintsiya. Allah ya taƙaita, targaɗe ne a wuyan hannu, amma mace da ta haura saba'in, sati shida hannu a ɗaure, ba abin da za a jira ya sake faruwa ba ne.

Abin da nake so: ɗaki mai faɗin mita 1.8, tsawon mita 2.4, ƙofarsa ta buɗe cikin ɗakinta. Faɗin ƙofa santimita 90. Babu dogon dokin ƙofa da za ta riƙa tsallakewa. Dakali na zama don wanka da alwala, ƙarfen riƙewa a bango, shawa mai tiyo, tayil ɗin ƙasa mai kaushi. Na ware ₦900,000. Ina so a gama kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama farkon Maris.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Reshen ya kai kaurin cinya a gindinsa. Na yanka shi gunduwa huɗu da zarto, kowanne kamu ɗaya, na tsaga kowanne biyu da gatari da guduma. Dole tsagar ta bi ta tsakiyar zuciyar itacen, sannan a fere zuciyar a yar, domin daga nan duk wata tsagewa take farawa idan ya soma bushewa. Na sami guda takwas, biyu sun karkace sun lalace, saura shida. Ɗaya daga cikinsu daga inda reshen ya lanƙwasa ya fito, shi na ware wa koshiya, tunda jijiyar itacen da kanta ta bi lanƙwasar da ake nema tsakanin mariƙi da baki.

Shekara uku ke nan ina taɓa sassaƙa da yamma, cokula ne kawai, mafi yawa da mangwaro. Kayan aikina ƙaramin gatari, wani tsohon kurfi, da wuƙa Morakniv 106 da ƙanena ya kawo mini tsaraba. A garin Mora na ƙasar Suwidin ake ƙera ta, siririya ce mai tsini, tana riƙe kaifi. Abin da ba ni da shi shi ne lanƙwasasshiyar wuƙar da ake rarake cikin cokali da ita.

Na ɗaure itacen a leda na kai inuwa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An haƙa harsashi ranar Laraba, yau bango ya kai taga. Bulo mai inci shida guda 190, a kan ₦550, ₦104,500 ke nan. Siminti na sayo buhu goma a kan ₦9,500. Mun yi jinga da birkila, na ba shi kafin alƙalami.

Mun ɗan tsaya kan inda masai zai zauna. Alƙiblarmu a Kano gabas take da karkata zuwa arewa, don haka na sa a jingina shi da bangon kudu yana kallon arewa, kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Wannan ya matsar da dakalin zuwa ƙuryar ciki, wanda ya fi ma.

Talata, 26 ga Nuwamba

Ban ruwa safe da yamma. An ɗora rufi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na shiga Kasuwar Kurmi wajen masu akushi da muciya, na sami wani dattijo da ke kawo koshiya daga ƙauye. Na nuna masa cokali biyu daga cikin nawa na bara. Ya juya su, ya shafa cikin da babban yatsa, ya ce, "Ɗan nan, da me ka rarake wannan?" Na ce da kurfi, Baba. Ya ce ai ya gani, ga sawunsa nan kamar kunyar gona. Ya ɗauko tasa ya miƙo mini, cikinta sumul, kuma babu samfefa a aikinsa.

Ya ce aikin koshiya kashi uku ne, biyu na gizago, ɗaya na wuƙa. Wanda ya yi saurin ajiye gizago ya ɗauki wuƙa, hannunsa zai gaji kafin itace ya gaji. Ya nuna mini yadda yake riƙe ƙaramin gizagonsa kusa da kai, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, sara gajere gajere, wuyan hannu ne kawai ke motsi. Na tambaye shi itacen da ya fi so. Ya lissafo aduwa, wadda ake allo da ita, da kanya. Ƙirya ya ce a bar wa masu turmi, tana cinye kaifi. Maɗaci da darbejiya kuwa ɗacinsu na bin abinci. Gwaiba ya ce tana da kyau, naman itacenta a matse yake, amma in kula da ita a wannan iskar.

Na ji maganar iska, ban ba ta nauyin da ya kamata ba.

Na sayi ƙaramin gizago ₦4,000. Daga nan na biya wajen wani maƙeri da hoton Morakniv 164 a waya, wuƙar da ke lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya dube ta ya ce zai ƙera daga tsohon sifirin na mota, ₦5,000, in dawo bayan sati biyu. Na gaya masa ta hannun dama nake so, kaifin ya kasance gefen da ke kallona idan na riƙe, domin ja ake yi zuwa jiki.

Asabar, 7 ga Disamba

Aikin famfo. Na zaɓi koren bututun nan na PPR da ake haɗawa da zafi, tunda za a sa hita. Na ruwan da aka yi wanka kuwa PVC mai inci biyu, da magudana mai riƙe ruwa a cikinta don kada wari ya dawo daga sokawe.

Da ya gama, mai famfo ya ce birkila ya zo ya rufe ramukan bango. Na ce a'a, a toshe bakunan, a buɗe tanki, a bar shi da ruwa har gobe. Ya ce, "Alhaji, shekara nawa ina wannan aikin." Na ce na sani, ba don na raina aikinsa ba ne, tayil ne idan ya hau ba ya saukowa sai da guduma. Bai so ba, amma ya toshe.

Lahadi, 8 ga Disamba

Da asuba na haska fitila, ga danshi ya sauko a jikin bulo ƙarƙashin inda kan shawa zai zauna. Ɗigo ne ƙanƙane, kusan ɗaya a minti. Wata gwiwa ce ba ta kama ba, da alama wuta ta ɗauke lokacin da ƙarfen haɗin bai gama zafi ba. Mai famfo ya zo da hantsi, ya gani, bai yi musu ba, ya yanke ya sake, bai karɓi ko kwabo ba. Mun sake barin sa da ruwa.

Wani abin da gwajin ya nuna: ruwan ba shi da ƙarfi. Gindin tankin mita biyu kacal yake bisa kan shawa, kuma ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, kowace mita goma ce ke ba da abin da masu famfo ke kira "bar" ɗaya. Ba zan ɗaga tanki yanzu ba. Na fasa sayen faffaɗan kan shawa, ƙarami mai tiyo zai wadatar, kuma shi ya fi dacewa da mai wanka a zaune.

Laraba, 11 ga Disamba

Cokula biyu sun tsage.

Daren Lahadi na fitar da guda biyu daga leda, na yi musu siffa da gatari da gizago. Ɗanyar gwaiba tana da daɗin sara, sassaƙen na fita fari da laima. Na rarake cikin kaɗan da kurfi, na bar su da kauri da nufin in ƙarasa idan wuƙata ta fito. Sai na ajiye su a kan taga a buɗe. Jiya hazo ya sauka sosai, iska tun dare. Yau da na dawo daga aiki, ɗaya ya tsage daga leɓen baki har rabin ciki, ɗayan kuma a ƙarshen mariƙi.

Na zauna na duba su da kyau. Duka biyun daga bakin jijiya suka buɗe, inda ruwa ya fi saurin fita. Waje ya bushe ya tsuke, ciki yana nan da ruwansa bai motsa ba, dole wani wuri ya yage. Kaurin da na bari shi ya ƙara ɓata lamarin. Da na sirance bakin ya zama kauri ɗaya ko'ina, kamar milimita huɗu ko biyar, da ya bushe tare. Da mangwaro ban taɓa ganin haka ba, amma duk sassaƙar da na yi a baya da damina ko bazara na yi ta.

Na ji zafin abin fiye da yadda na zata. Itacen nan ba wanda zan koma kasuwa in ƙaro ba ne. Mai tsagewa a mariƙi zan iya gajarta shi ya zama cokalin sukari. Ɗayan ya tafi.

Daga yau: duk wanda na fara, zan kai shi siranta a zama ɗaya. In ban gama ba ya koma leda. In na gama ya shiga buhun takarda tare da sassaƙensa, a ƙarƙashin gado, sati biyu.

Asabar, 14 ga Disamba

Na tafi ɗaurin aure Zariya. An yi filasta a cikin satin, yau birkila ya yi daɓe da dakali ba na nan. Na dawo bayan isha'i, na leƙa, ya yi kyau a ido.

Laraba, 18 ga Disamba

Na kwara bokiti ɗaya a wurin shawa don in ga tafiyar ruwa. Rabi ya bi magudana. Sauran ya rabu biyu: wani ya kwanta a gaban dakali, daidai inda ƙafar Hajiya za ta sauka, wani kuma ya kama hanyar ƙofa. Na sa lebul, gangarar ba ta kai santimita ɗaya ba a wuri mafi kyau, kusa da ƙofa ma baya ta koma. Ga kuma tsaga sirara kamar saƙar gizo a saman daɓen, gefen taga. An bar tagar a buɗe, kuma yaron da na bar wa ban ruwa sau ɗaya yake yi, da rana.

Na kira birkila da mai tayil tare. Mai tayil ya ce kada in damu, zai gyara da siminti lokacin ɗora tayil, ya ƙara nan ya rage can. Birkila ya goyi bayansa, ya ce haka ake yi ko'ina. Na san haka ake yi, kuma shi ya sa banɗakuna da yawa a garin nan ke da tsintsiya a bayan ƙofa. Matsalar ita ce ni zan shafa sinadarin hana ruwa a kan daɓen nan kafin tayil. Tayil da farin simintin da ke tsakaninsa ba sa tare ruwa gaba ɗaya, kullum akwai wanda ke ratsawa ƙasa. Idan daɓen da ke ƙarƙashi a kwance yake, wannan ruwan zai zauna a can, bangon ɗakin Hajiya ya sha, fenti ya kumbura, wari ya taso. Gangarar dole ta kasance a ƙasa tun farko, tayil ya bi ta kawai.

Na yi ta jujjuya abin har dare. Fasawa na nufin siminti buhu biyu, yashi, lebura, da sati guda. Uwargida ta ce, "Ba saboda ruwan da ke kwanciya aka fara aikin ba?" Na ce haka ne. Ta ce to.

Laifin ba na birkila kaɗai ba ne. Ce masa na yi "a ba shi gangara", ban ba shi lamba ba, kuma na tafi.

Lahadi, 22 ga Disamba

An fasa jiya, an sake yau, ina tsaye. Santimita biyu a kowace mita. Daga bakin wurin shawa zuwa magudana mita 1.2, don haka santimita biyu da rabi muka sauke. Mun ja layi a bango da tiyo mai ruwa, muka kafa ƙusoshi, muka ja zare daga kowace kusurwa zuwa bakin magudana, birkila ya bi zaren. Ɓangaren masai ma an ba shi 'yar gangara zuwa ciki, don ruwan alwala kada ya nufi ƙofa. Kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi a kan ɗaya na siminti, kwaɓin da ɗan tauri, ba mai malala ba. Saman dakalin shi ma an karkato shi gaba kaɗan. Tsayinsa santimita 45, na auna da kujerar da Hajiya ta fi sauƙin tashi daga kanta.

Da aka gama na toshe tagar da kwali, da yamma na shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna, na rufe da leda. Kwana bakwai zai sha ruwa, ni zan riƙa ba shi. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan yake ci, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa.

Birkila na goge cokalinsa na gini ya ga nawa na gwaiba a kan taga, ya ce, "Ashe Alhaji ma mai cokali ne." Mun rabu lafiya.

Asarar: ₦32,000 da kwana takwas.

Alhamis, 26 ga Disamba

Hutu. Na karɓo wuƙar tun makon jiya, siffarta ta yi daidai, na sa mata ƙota da guntun gwaibar da ta tsage. Amma ja na uku a cikin itace, bakin ya ɓantare wuri biyu. Na mayar. Maƙerin ya goga magagari a kai, ya zame bai kama ba, ya ce ta yi tauri da yawa, ya tsoma ta a mai da zafinta bai sassauta ta ba. Ya goge ƙarfen ya yi fari, ya ɗora bayanta a kan garwashi a hankali yana kallo, har launin ya koma kamar na busasshen kara, sannan ya ɗauke. Ya ce in ya wuce zuwa shuɗi ta yi laushi ke nan.

Washin ya ci mini yini. Wajen lanƙwasar na bi da samfefa da na manna a katako, daga lamba 400 zuwa 1,000 zuwa 2,000, ina mirgina wuƙar don kada ta yi kusurwa. Cikin kuwa na naɗe samfefa a jikin sanda mai kaurin yatsa. Na ƙarasa da guntun fata. Yanzu tana ɗebo gwaiba kamar ana kankare sabulu.

Cikin cokali a gicciye ya fi yankuwa, daga gefe zuwa gefe. Idan aka bi tsawonsa, daga baki a gangaro, daga wuya a gangaro, a haɗu a ƙasan kwarmin. Wanda ya zarce ya hau ɗaya gefen, jijiya za ta ɗago ta yage.

Na yanke a babban yatsa wajen la'asar, na sa shi a hanyar wuƙa lokacin da na gaji. Bai yi zurfi ba, amma na je an wanke an yi mini allurar tetanus tunda ƙarfen tsoho ne. Cokali ɗaya ya shiga buhun takarda.

Lahadi, 29 ga Disamba

An cire buhuna. Babu tsaga. Bokiti uku, duk sun tafi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Sinadarin hana ruwa, irin mai gari da ruwansa da ake haɗawa, ₦48,000. Ni na shafa da buroshi. Kafin nan na sa an cike duk inda bango ya haɗu da ƙasa da siminti ya zama kwana mai lanƙwasa, na manna raga a kusurwoyi da kewayen magudana. Shafi na farko a tsaye yau, na biyu a kwance gobe. Ƙasa duka, dakali duka, bangon shawa har sama da kai, sauran bangon santimita 30.

Alhamis, 9 ga Janairu

Jiya da safe na toshe magudana, na yi ɗan shinge a ƙofa, na cika ruwa santimita biyar, na yi alama da fensir. Na ajiye kwano da ruwa a gefe shi ma da alama, domin a wannan iskar ruwa na raguwa ko babu yoyo. Bayan awa 24 duka biyun sun sauka daidai da juna, kamar milimita biyu. Bangon ɗakin Hajiya a bushe.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙofar Ruwa. Na tafi da gorar ruwa, duk tayil ɗin ƙasa da aka nuna mini sai na zuba masa ruwa na taka da ƙafa ba takalmi. Masu shago suna ta tura ni wajen manya masu ƙyalli, 60 da 60, wai su ake yayi. Babban tayil ba ya bin gangara mai fuska huɗu, kuma mai ƙyalli da sabulu shi ne abin da nake gudu. Na ɗauki 30 da 30 mai kaushi, ruwan ƙasa, katan huɗu a kan ₦8,000. Na bango 25 da 40, fari da ɗan ratsi. Lissafina murabba'in mita goma sha biyar da ɗoriya, na ƙara kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa, katan 12 a kan ₦7,500. Na duba lambar da ke jikin kowane katan ta zama ɗaya, domin tayil ɗin da aka gasa daban launinsa daban, ko da sunan ɗaya ne. Sai da aka sauya biyu.

Hajiya ta shafa na ƙasan da tafin hannu ta ce zai yi wuyar wankewa. Gaskiyarta. Na ce buroshi zai yi.

Asabar, 18 ga Janairu

Tayil ɗin bango ya hau cikin kwana uku. An jiƙa tayil ɗin a baho kafin ɗorawa don kada ya tsotse ruwan simintin. Mun fara daga layi na biyu a kan katako da aka daidaita da lebul, layin ƙasa sai bayan an ɗora tayil ɗin daɓe.

Ranar farko na ga yaron mai tayil yana ɗora siminti curi biyar a baya, kusurwa huɗu da tsakiya. Na ce a shafe bayan duka. Da dare na bi su ɗaya ɗaya ina ƙwanƙwasawa da mariƙin cokali, guda bakwai suka yi ƙarar ganga. An cire su da safe tun simintin bai kama ba, biyu suka fashe. Maigidan nasa ya yi masa faɗa, daga nan aikin ya miƙe.

Lahadi, 19 ga Janairu

Koshiyar. Ita na fi tsoro, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Itacen ya yi wata biyu a leda, ya ɗan yi baƙi a baki amma ciki lafiya. Na bi maganar dattijon nan na Kurmi, na daɗe a kan gizago har sai da siffar ta fito sosai. Wajen wuya na bar ƙashin baya a ƙasa, siriri ta sama, mai zurfi ta gefe, domin nan koshiya ke karyewa. Awa huɗu. Ta shiga buhu.

Asabar, 25 ga Janairu

Tayil ɗin ƙasa ranar Laraba, da gam na tayil maimakon siminti zalla, don kada kaurin ya ɓata gangarar. A wurin shawa an yanka su a karkace daga kusurwoyi zuwa magudana. Mai tayil ya yi wannan yankan da kyau ƙwarai, layukan sun haɗu a bakin magudana kamar an zana. Tazara milimita uku. Yau aka cike tsakani. Inda bango ya haɗu da ƙasa na hana a sa farin siminti, silikon za a sa, saboda nan ne ke motsi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ƙarfen riƙewa guda biyu, na ƙarfe mara tsatsa, ₦36,000. Na kira Hajiya ta zauna a dakalin da kayanta, na ce ta miƙa hannu inda za ta kama in za ta tashi, na yi alama a nan. Ya fi inda na yi niyya ƙasa da kusan tafin hannu. Na duba hotunan da na ɗauka kafin filasta don kada mu huda bututu.

Wajen hudawa tayil ɗaya ya tsage, an bar injin a kan bugu. An sassaƙe shi a hankali an sa wani, na sake shafa sinadari a bayan kafin a mayar. Sauran ramukan da tef a kai, a hankali, ana ɗiga ruwa. Kowane rami sai da aka cusa masa silikon kafin ƙusa. Na rataya a jikin ƙarfen da duk nauyina, bai motsa ba.

Cokula uku sun fito daga buhu, babu wanda ya tsage. Koshiyar ma, bayan kwana goma sha uku, ta daina sanyi a kumatu. Busasshiyar gwaiba ta yi tauri sosai, amma yankan ƙarshe yana barin ƙyalli. Ban sa samfefa ba. Na goge su da santsin dutse, na shafa man kaɗanya da aka narkar da ɗan kakin zuma. Man gyaɗa na guje masa, yana yin wari in ya daɗe. Launin ya koma ja-ja.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hajiya ta fara amfani da banɗakin ranar Alhamis, da ruwan zafi a bokiti tukuna. Na shiga bayanta na duba, minti biyar ƙasa ta tsane, sai wani wuri kamar tafin hannu a bayan ƙofa da ke riƙe laima. Tayil ɗaya ne ya ɗan nutse. Zan sa ido a kai, in ya dame ni a ɗaga shi.

Kuɗin da ya fita zuwa yau ₦1,140,000, ban da hita. Mai wuta zai zo Asabar mai zuwa. Na gaya masa layinta daban, da abin katse wuta nata, da wayar ƙasa ta gaske da za a binne, makunnin kuma a waje. In ba a samu haka ba bokiti ya ci gaba.

Na kai mata koshiyar da cokulan a tire. Ta ɗauki koshiyar ta daɗe tana juyawa, ta tambaya ko ta gwaibar ce, na ce ita ce. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Sannan ta gwada ta a tukunyar da take dama kunun azumi, ta ce mariƙin ya gajarta, hannu zai sha tururi. Na auna, sai an ƙara kamar santimita goma.

Itace ɗaya ya rage a leda, kuma kamu ɗaya ne kamar sauran, ba zai kai ba. Akwai wani ƙaramin reshe da ke gogar sabon rufin, wanda ko ba jima sai an cire shi kafin damina. Gobe bayan azahar zan tambaye ta.